Tsibiri Mai Gada Ɗaya: Yadda Guguwar Teku Ke Rufe Hanya Tun Kafin Ta Iso

A ranar Laraba 28 ga Satumba, 2022, mahaukaciyar guguwar teku da aka sa wa suna Ian ta faɗa wa gaɓar kudu maso yammacin jihar Fulorida ta Amurka da iska mai gudun kusan kilomita 240 a cikin sa'a guda. Kafin gari ya waye ranar Alhamis, ruwa ya cinye sassa da dama na hanya ɗaya tilo da ke haɗa tsibirin Sanibel da tudu. Hanyar tana da tsawon kimanin kilomita 5, ta ƙunshi gadoji uku da ƙananan tsibirai biyu da aka cike da yashi domin kwalta ta bi ta kansu. Mazauna Sanibel sun haura 6,000, kuma a bayansu akwai ƙaramin tsibirin Captiva, wanda mutanensa sai sun ratsa ta Sanibel kafin su kai ga wannan gadar. Waɗanda suka zauna ba su fita ba, sai da jiragen sama masu saukar ungulu da jiragen ruwa aka kwaso su, kuma ba a buɗe wa mazauna tsibirin hanyar komawa da mota ba sai ranar 19 ga Oktoba, bayan an yi gyaran wucin gadi na gaggawa dare da rana.

Wanda ya ga hotunan kwaltar da ta rufta cikin teku zai ɗauka cewa karyewar gadar ce babban haɗarin. A ganina haɗarin ya riga karyewar, domin gadar da tsibiri ya dogara da ita takan daina amfani sa'o'i masu yawa kafin ko da dutse ɗaya ya motsa daga jikinta, kuma wannan ne abin da ya fi wuyar shiga zukatan mutanen da suka saba tsallaka ta kullum cikin 'yan mintoci.

Sai an fara fahimtar abin da ke kashe mutane a irin wannan guguwa kafin a gane matsayin gadar. Da yawa daga cikin manyan guguwowin Tekun Atlantika daga wajenmu suke samo asali: hadarin da ke ratsa Afirka ta Yamma daga gabas zuwa yamma a lokacin damina, idan ya fita teku ya tarar da ruwa mai ɗumi, yakan iya haɗuwa ya fara juyawa, kuma ita kanta Ian daga irin wannan hadarin da ya bar gaɓar Afirka a tsakiyar Satumba ta tsiro. Idan guguwar ta ƙosa ta tunkari ƙasa, iskarta takan tura ruwan teku gaba, ta tara shi a bakin gaɓa, har ya hau tudu ya malala cikin gari. Wannan tumbatsar teku ita ce ta fi kisa, fiye da iskar da ke kware rufin gidaje. A gaɓar da Ian ta faɗa wa, teku ba shi da zurfi har nesa da baki, saboda haka ruwan da aka turo bai samu inda zai nutse ba sai ya hau sama; a garin Fort Myers Beach da ke maƙwabtaka da Sanibel, tsayin ruwan a kan ƙasa ya kai tsakanin mita 3 zuwa 4 da rabi. Hukumar da ke sa ido kan guguwar teku a Amurka ta ƙidaya mutum 41 da tumbatsar ta kashe a Fulorida, 36 daga cikinsu a gundumar Lee, inda Sanibel yake. Tsibiran da ke irin wannan gaɓa tarin yashi ne dogaye marasa tudu, mafi yawan ƙasarsu ba ta wuce mita ɗaya ko biyu a saman teku ba. Wanda ke babbar ƙasa zai iya tuƙa mota kilomita goma ko ashirin ya samu wuri mai tudu ta hanyoyi daban-daban. Wanda ke tsibiri ba shi da tudun da zai hau, mafitarsa kuwa ita ce gadar.

A nan ne lissafin lokaci ya shigo, kuma lissafi ne mai tsanani. Guguwa irin Ian tana da faɗin ɗaruruwan kilomita, don haka iskar gefenta tana isowa tun cibiyarta na can nesa a teku. A yankuna da yawa na Fulorida, da zarar iska ta dawwama a gudun kusan kilomita 65 a sa'a, 'yan sanda sukan rufe dogayen gadoji, domin a saman gada babu bishiya ko gini da zai kare mota, kuma manyan motoci da bas-bas su ne farkon waɗanda iska ke turewa. A daidai wannan lokacin ne kuma motocin asibiti da na kashe gobara suke daina fita, ko da an kira su, har sai iskar ta lafa. Ban da iska, akwai hanyar da ke kaiwa ga gadar, wadda galibi a ƙasa take, kusa da ruwa. Ko da tsakiyar gada ya yi tsayin da jirgin ruwa zai wuce ta ƙarƙashinsa, wuri mafi ƙasƙanci a kan hanyar shi ne ke yanke hukunci, kuma ruwa yakan fara hawa wannan wurin tun sararin sama bai gama murtuke fuska ba. Saboda haka idan masu hasashen yanayi sun ce guguwa za ta iso ranar Laraba da la'asar, mutumin tsibiri ya san cewa wa'adinsa na iya ƙarewa tun daren Talata ko asubahin Laraba. Daga wannan wa'adin kuma sai a cire sa'o'in da dubban motoci ke buƙata kafin su bi ta layi ɗaya su fice, sannan a ƙara cunkoson da za su tarar a tudu, inda mutanen bakin gaɓa su ma suke gudun ruwa a kan tituna guda. Mota ɗaya da ta mutu a tsakiyar gada, ko ƙaramin karo tsakanin motoci biyu, ya isa ya tsayar da tsibiri baki ɗaya.

Sakamakon wannan lissafi shi ne dole a yanke shawarar fita a lokacin da hasashen bai tabbata ba. Kwana biyu kafin guguwa ta iso, hasashen inda cibiyarta za ta sauka yakan iya kaucewa da gomman kilomita, kuma taswirar da ake nunawa a talabijin, mai siffar mazurari, tana nuna inda ake tsammanin cibiyar za ta bi ne kawai, ba ta nuna iyakar inda ruwa zai hau ba. A kwanakin da suka gabaci saukar Ian, hankalin jama'a da na kafafen yaɗa labarai ya karkata ga birnin Tampa da ke arewa. Wasu gundumomin da ke can sun ba da umarnin kwashe mutane tun ranar Litinin, amma gundumar Lee ba ta ba da nata ba sai safiyar Talata, wato kwana ɗaya da 'yan sa'o'i kafin guguwar ta sauka. An soki jami'an gundumar sosai kan wannan jinkiri, su kuma suka kare kansu da cewa hasashen ya sauya ne a ƙurarren lokaci. Akwai gaskiya a cikin uzurinsu, domin kwashe dubban mutane yana da tsada da wahala, kuma idan aka yi shi guguwar ta kauce, gobe mutane ba za su saurara ba. Duk da haka ina ganin uzurin bai isa ga tsibirai ba. Hukumar da ke da jama'a a bayan gada ɗaya ba ta da ikon jiran tabbas kamar yadda hukumar cikin ƙasa za ta jira, kuma kamata ya yi a ware tsibirai a ba su umarni tun da wuri ko da sauran yankunan za su dakata.

Akwai kuma abin da tunanin mutane ya ƙara a kan jinkirin hukuma. A watan Agustan 2004 guguwar Charley ta sauka kusan daidai inda Ian ta sauka, a tsibirin Cayo Costa, da iska mai ƙarfi kusan iri ɗaya. Sai dai Charley ƙarama ce kuma mai sauri, ba ta samu faɗi ko lokacin tara ruwa mai yawa ba, don haka ɓarnarta ta iska ce fiye da ta ruwa. Mutane da yawa da suka zauna a gidajensu a 2004 suka tsira sun auna Ian da wannan ma'auni, alhali lambar ajin da ake ba guguwa, daga 1 zuwa 5, gudun iska kawai take aunawa. Guguwa biyu masu aji ɗaya za su iya bambanta ƙwarai a yawan ruwan da suke turowa, gwargwadon faɗinsu da saurin tafiyarsu da kusurwar da suka tunkari gaɓa.

Ita kanta karyewar gadar tana da hanyoyi fiye da ɗaya, kuma injiniyoyi sun koyi kowace ne bayan asara. A Sanibel, gadojin da aka sake ginawa a 2007 sun tsaya a kan ginshiƙansu. Abin da ya tafi shi ne ƙasar da ke bakin gadojin da kuma tsibiran yashin da ke tsakaninsu, waɗanda ruwa ya zaizaye daga ƙarƙashi har kwalta ta rasa abin da za ta zauna a kai. Haka aka yi a hanyar Matlacha, wadda ita kaɗai ke shiga tsibirin Pine da ke kusa, ko da yake can an samu an cike ramin aka buɗe hanyar wucin gadi cikin kusan mako guda. Wata hanyar kuma ita ce ɗaga shimfiɗar gadar daga kan ginshiƙai. Mita ɗaya na ruwa tsawo da faɗi da zurfi nauyin tan guda ne, kuma idan tumbatsa ta kai ruwa har ƙarƙashin shimfiɗar, raƙuman ruwa sukan riƙa dukanta daga ƙasa, iskar da ta maƙale tsakanin katakan kankare kuma ta sa ta yi sauƙin tashi, sai ta zame ta faɗa. Haka guguwar Ivan ta yi wa gadar babbar hanya a mashigin Escambia na Fulorida a 2004, haka kuma Katrina ta yi wa gadojin Biloxi da Bay St. Louis a jihar Misisipi a 2005. Tsofaffin gadoji da yawa an gina su ne da lissafin nauyin da zai danna su daga sama, ba a yi tanadin ƙarfin da zai tura su daga ƙasa ba.

Wani lokaci ma ba ruwa ne ke karya gadar ba, abin da ke yawo a kansa ne. A ranar 4 ga Satumba, 2018, guguwar Jebi ta fizgi wani jirgin dakon mai ta maka shi a jikin gada ɗaya tilo da ke zuwa filin jirgin saman Kansai na Japan, wanda aka gina a kan tsibirin da aka cike a teku, sai dubban matafiya da ma'aikata suka kwana a can, aka yi watanni kafin gadar ta koma aiki gaba ɗaya.

Bayan iska ta lafa ne kashi na biyu na wahalar yake farawa, kuma shi ne wanda kyamarori ba su cika daɗewa a kansa ba. Babu asibiti a Sanibel, kamar yadda babu a mafi yawan irin waɗannan tsibirai, kuma fiye da rabin mazaunansa sun haura shekara 60. Mai wankin ƙoda da dole ya je asibiti sau uku a mako, da mai ciwon sukari da maganinsa ke buƙatar firiji, da mai dogaro da na'urar numfashi da ke aiki da lantarki, duk sukan shiga haɗari a kwanakin da babu wuta babu hanya, ko da ruwa bai taɓa su ba. Alƙaluman hukuma sun nuna cewa waɗanda Ian ta yi sanadin mutuwarsu a kaikaice, ta hanyar rashin samun magani a kan lokaci da bugun zuciya da haɗurran gyaran gida da hayaƙin janareta, sun fi waɗanda ruwa da iska suka kashe kai tsaye yawa. Gyaran ma ta gadar yake bi. Motocin kamfanin lantarki da turakun wuta da tankokin mai da manyan motocin kwashe baraguzai sai an ɗora su a kan jiragen dakon kaya kaɗan-kaɗan, kuma kowace rana da mai gida ya kasa zuwa ya buɗe tagogi ya fitar da kayan da suka jiƙe, fumfuna tana ƙara cin bango da rufi a cikin zafi da laimar Fulorida, har gidan da za a iya cetowa ya zama sai an yi masa gyara daga tushe. A wasu wuraren ma bututun ruwan sha a jikin gadar yake rataye, kamar a tsibiran Keys da ke kudancin Fulorida, inda ake turo ruwa daga tudu ta bututu mai bin babbar hanya.

Makonni uku da Sanibel ya yi a yanke gajere ne idan aka kwatanta da abin da wasu suka gani. Lokacin da guguwar Frederic ta rusa gadar tsibirin Dauphin a jihar Alabama a watan Satumban 1979, jirgin fito ne ya riƙa jigilar mutane har 1982 da aka buɗe sabuwa. A tsibirin Hatteras na jihar Karolina ta Arewa, guguwar Isabel ta 2003 ta tsaga tsibirin ne da kansa, ta buɗe sabon mashigin ruwa mai faɗin kusan mita 600, ƙauyen da ke can ƙarshe ya yi kusan wata biyu ba hanyar mota. A 2011 kuma Irene ta sake yanke hanyar a wasu wuraren. Duk wanda abincinsa ya dogara da baƙi masu zuwa hutu ya san abin da wata biyu ke nufi. Kuma ba masu gidaje kaɗai abin ke shafa ba, domin masu girki da masu shara da masu gyaran lambu da ke aiki a otal-otal na tsibiri galibi a tudu suke zaune, tun da hayar tsibiri ta fi ƙarfinsu, kuma ranar da gada ta yanke ita ce ranar da albashinsu ya yanke, su kuwa ba inshorar da za ta biya su.

Ana yawan ɗora laifi a kan waɗanda suka ƙi fita, kuma lalle akwai masu taurin kai a cikinsu. Amma ban yarda cewa taurin kai ya bayyana komai ba. Fita tana buƙatar mota da mai da kuɗin masauki na kwanakin da ba a san adadinsu ba. Tana buƙatar lafiyar zama sa'o'i a cunkoso, da wanda zai ɗaga tsoho ya sa shi a mota, da wurin da zai karɓi dabbar da mutum ke kiwo a gida. Sannan akwai tsoron da ya keɓanta ga mutanen tsibiri, wato sanin cewa idan ka fita, shingen 'yan sanda a bakin gada ne zai yanke ranar da za ka dawo, kuma sai da takardar shaidar zama za a bar ka ka wuce. Wanda ya taɓa yin kwanaki a tudu yana jira alhali rufin gidansa a buɗe yake ruwan sama na zuba, ba abin mamaki ba ne idan a karo na gaba ya ce ba inda za shi. Hukumar da take son mutane su fita da wuri dole ta nuna musu tun kafin lokacin cewa ta tanadi motocin ɗaukar marasa hali, tana da sunayen marasa lafiya, kuma tana da tsari bayyananne na komawa.

Tushen matsalar ya fi nan zurfi, domin gadar ce da kanta ke tara jama'ar da daga baya za ta kasa fitarwa. Kafin 1963 da jirgin fito ake zuwa Sanibel, mazaunansa kuma kaɗan ne. Da aka buɗe hanya sai filaye suka yi daraja, gine-gine suka taso, har mazauna tsibirin suka kafa hukumar garinsu a 1974 domin su taka wa abin birki, suka kuma fito da tsarin da ya taƙaita gini a 1976. Wannan hangen nesa yana cikin abubuwan da suka sa kusan kashi biyu cikin uku na tsibirin ya zauna a matsayin gandun da aka keɓe, kuma ba shakka ya rage yawan waɗanda suka buƙaci tsallaka gadar a 2022. Hausawa na cewa tun ran gini ran zane, kuma a wannan batu ranar da aka amince a gina gada ita ce ranar da ya kamata a yanke adadin gidajen da za a bari a bayanta.

Babu inda aka ɗauki wannan ƙa'ida da muhimmanci kamar tsibiran Keys, jerin tsibirai a kudancin Fulorida da hanya ɗaya mai tsawon kusan kilomita 180 da gadoji 42 ta ɗinke su har zuwa Key West. Darasin nasu da jini aka koye shi. A ranar 2 ga Satumba, 1935, lokacin da layin dogo ne babbar hanyarsu, jirgin ƙasan da aka turo daga Miami domin ya kwashe tsofaffin sojoji masu aikin gina hanya ya taso a makare, tumbatsar teku ta tarar da shi a Islamorada ta ture taragunsa daga kan layi, mutum fiye da 400 suka mutu a guguwar. A yau dokar jihar ta ɗaure izinin gina sababbin gidaje a Keys da lokacin da ake buƙata a kwashe mazauna, wanda aka daɗe ana tsayar da shi a sa'o'i 24 har zuwa 2025, kuma ana fitar da mutane ne kashi-kashi, baƙi tukuna, sannan mazauna gidajen tirela, wato gidajen da ake iya ja da mota, sannan sauran jama'a. Tsarin yana da rauninsa, domin lissafin yana dogara ne da zato game da yawan motocin da za su fita da lokacin da za su tashi, kuma masu filayen da aka hana gini suna da haƙƙin neman diyya a kotu, abin da ke sa hukumomi neman sassauci a kai a kai. Duk da haka ya fi abin da ake yi a wurare da yawa, inda ake ba da izinin gini ba tare da an tambayi ko hanyar za ta ɗauki mutanen ba.

Gada ta biyu, wadda ita ce maganin da ke fara zuwa zuciya, ba kasafai take warware matsalar ba: tsadarta ta fi ƙarfin ƙaramin gari, guguwar da ta yanke ta farko tana iya yanke ta biyun a dare guda, kuma takan jawo ƙarin gine-gine da za su cike gurbin da ta buɗe. Abin da aka fi yi shi ne ƙarfafa wadda ake da ita. A Sanibel an kashe fiye da dala miliyan 300 wajen gyaran dindindin, aka kakkafa bangon ƙarfe a cikin yashi, aka jibge manyan duwatsu a gefen hanya domin ruwa ya kasa zaizaye ta. A Hatteras an buɗe sabuwar babbar gada a 2019 a madadin ta 1963, a 2022 kuma aka ƙara wata da ta kauce wa wurin da teku ke yawan yankewa kusa da Rodanthe, jihar kuma tana riƙe da matsayar jiragen fito na gaggawa domin ranar da hanya za ta sake yankewa. Wannan tanadi na jirgin fito, ga alama, shi ne mafi arha kuma mafi gaskiya a cikinsu, domin ya ginu ne a kan amincewa da cewa hanyar za ta yanke. Ƙarfafa gada yana gajarta makonnin da tsibiri zai yi a ware bayan guguwa, amma ba ya ƙara ko minti ɗaya a kan wa'adin fita, tun da iskar da ke sa a rufe tsohuwar gada ita ce za ta sa a rufe sabuwa, kuma matakin teku da ke ci gaba da hawa yana sa ruwa ya riƙa isa ƙananan sassan hanya da wuri fiye da yadda yake yi a shekarun da aka zana su.